Ɗakin Bautar Mitras na Landan: Abin da Duwatsunsa Suka Faɗa, da Yadda Aka Kusa Rufe Musu Baki

A lamba 12, titin Walbrook, a tsakiyar unguwar bankuna ta birnin Landan, akwai kangon wani gini na zamanin Rumawa kwance mita bakwai ƙarƙashin titi, a gindin hedikwatar kamfanin Bloomberg ta nahiyar Turai. Ɗakin bauta ne da aka gina wajajen shekara ta 240 Miladiyya domin wani abin bauta mai suna Mitras, wanda sojoji da fatake da ma'aikatan hukuma suka riƙa bauta wa a ɓoye a sassan Daular Rum. An gano shi a 1954, aka tsige shi dutse bayan dutse domin a gina ofisoshi, aka sake harhaɗa shi a wani wuri a 1962 ba bisa tsarinsa ba, sannan aka mayar da shi kusa da mazauninsa na asali a 2017.

Wannan yawo da aka yi da ginin yana da nauyi saboda dalili guda. Mabiya Mitras ba su bar littafin addini ba, ba su bar bayanin aƙidarsu a rubuce ba. Kusan duk abin da aka sani game da su ya fito ne daga gine-ginensu, da gumakansu, da gajerun rubuce-rubucen da suka sassaƙa a duwatsu. A irin wannan hali, inda ƙofa ta fuskanta, da zurfin daɓe, da wurin da aka tsinci kowane gunki, su ne shaidar. Wanda ya sauya musu wuri ba tare da kula ba, ya yaga shafi ne daga takardar da ba ta da kwafi.

Wane ne Mitras?

Sunan ya girmi Rumawa nesa ba kusa ba. Mutanen Farisa na dā suna da abin bauta mai suna Mitra, mai kula da alkawari da gaskiya da haske, kuma sunan ya zo a tsofaffin littattafan addini na Indiya. Har ma an ambace shi cikin shaidun wata yarjejeniya da sarakunan Hittiyawa da na Mitanni suka ƙulla a ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma bautar Mitras irin ta Rumawa ta bayyana ne a ƙarshen ƙarni na 1 Miladiyya, ta bunƙasa a ƙarni na 2 da na 3, ta dusashe a ƙarshen ƙarni na 4. An samu alamunta a wurare fiye da 400, tun daga Siriya har zuwa arewacin Birtaniya, kuma ta fi yawa a birnin Rum, da tashar jiragen ruwa ta Ostiya, da barikokin sojan da ke bakin kogunan Rhine da Danube.

Masani ɗan ƙasar Beljiyam, Franz Cumont, wanda ya kafa tubalin nazarin wannan addini a ƙarshen ƙarni na 19, ya ɗauka cewa addinin Farisa ne ya yi ƙaura zuwa yamma sanye da tufafin Rumawa. Ra'ayinsa ya yi rinjaye na shekaru kusan saba'in, har zuwa wani taron masana da aka yi a Manchester a 1971, inda aka nuna cewa manyan siffofin bautar, wato ɗakin da ke kwaikwayon kogo da hoton yanka bijimi, ba su da takwara a Farisa. Yawancin masana a yau suna kallonta a matsayin sabon addini da aka ƙera a cikin Daular Rum, aka ara masa suna da kamannin gabas.

Ƙungiya ce ta maza zalla, kuma ta asiri. Ba a shiga sai an yi wa mutum bikin shigarwa, daga nan ya riƙa hawa matakai bakwai: Hankaka, Ango, Soja, Zaki, Bafarishe, Manzon Rana, da Uba, wanda shi ne shugaban jama'a. Malamin Kirista Jerome ya lissafa waɗannan matakai a wata wasiƙarsa, kuma wani daɓe mai zane a ɗaya daga cikin ɗakunan bautar Ostiya ya nuna alamominsu a jere, kowane mataki haɗe da ɗaya daga cikin taurari bakwai da mutanen dā suka sani suna tafiya a sama. Rubuce-rubucen da mabiya suka bari sun nuna cewa akwai sojoji da hafsoshi a cikinsu, da 'yan kasuwa, da masu karɓar kuɗin fito, da bayi da 'yantattun bayi. Hukuma ba ta tsangwame su ba. A shekara ta 308, tsohon Sarki Diyokletiyan da sarakunan da ke mulki a lokacin sun gyara wani ɗakin bautar Mitras a Karnuntum, cikin Ostiriya ta yau, suka kira shi majiɓincin mulkinsu.

Hoton yanka bijimi

A ƙuryar kowane ɗakin bautar Mitras akwai hoto iri ɗaya, a sassaƙe ko a zane. Saurayi ne sanye da hula mai lanƙwasasshen kai irin ta mutanen gabas, ya danne bijimi da gwiwa, ya ja hancinsa sama da hannun hagu, ya soka masa wuƙa a wuya da hannun dama, yana kau da kai. Kare da maciji suna miƙewa zuwa ga jinin, kunama ta kama marainan bijimin, hankaka na kallo daga sama, wani lokaci kuma zangarniyar alkama tana tsirowa daga wutsiyar dabbar. A gefe biyu akwai samari biyu riƙe da sandunan wuta, Kautes ya ɗaga tasa sama, Kautopates ya sunkuyar da tasa ƙasa. Rana da wata suna kusurwoyin sama.

Babu wani rubutu na mabiyan da ya fassara hoton. Wasu masana na ganin labarin halitta ne, inda rayuwa da amfanin gona suka fito daga jinin hadaya. Wasu kuma, irin su Roger Beck da David Ulansey, sun lura cewa bijimi da kare da maciji da hankaka da kunama duk sunayen tarin taurari ne a ilimin falaki na Girkawa da Rumawa, don haka suka karanta hoton a matsayin taswirar sama. Abin da haƙa ya tabbatar shi ne cewa babban aikin ibadar cin abinci tare ne. Ɗakunan ƙanana ne, ba sa ɗaukar fiye da mutane 'yan gomomi, kuma an yi musu dakali dama da hagu inda ake kishingiɗa a ci. A Tienen ta ƙasar Beljiyam an tono ramukan da ke cike da ƙasusuwan ɗaruruwan kaji da fasassun kwanoni, ragowar wata babbar walima. Maganar da ke yawo a intanet cewa an haifi Mitras ranar 25 ga Disamba ba ta da madogara a tsofaffin rubuce-rubuce. Hotunan mabiyansa sun nuna shi ne yana fitowa daga cikin dutse.

Ginin da ke bakin rafi

Rumawa sun mamaye Birtaniya a shekara ta 43, suka kafa garin Londiniyum a bakin Kogin Tems 'yan shekaru bayan haka. Wani rafi, wanda daga baya aka sa wa suna Walbrook, ya ratsa garin ya raba shi biyu kafin ya faɗa kogin. A gaɓar gabas ta wannan rafi aka gina ɗakin bautar, lokacin da garin ya riga ya yi kusan shekara ɗari biyu, yana da ganuwa, yana kuma zaman cibiyar mulki da ciniki.

Tsawon ginin kimanin mita 18 ne, faɗinsa kimanin mita 8. Ƙofarsa tana gabas. Mai shiga zai sauka 'yan matakala zuwa wani fili na tsakiya da ya fi gefensa zurfi, ga ginshiƙai bakwai a dama, bakwai a hagu, bayansu kuma dakalan zama. A ƙarshen yamma bango ya lanƙwashe kamar rabin da'ira, kuma a nan ne gunkin yake tsaye a kan wani tudu. A wata kusurwa akwai 'yar rijiya da aka yi wa bango da katako. Yawancin masana na danganta adadin ginshiƙan da matakai bakwai na mabiya. Duhu da hasken fitila suna cikin tsarin ibadar. An ga misalin haka a wani ɗakin bautar Mitras da aka tono a 1950 a Carrawburgh, kusa da Ganuwar Hadriyan a arewacin Ingila, inda aka huda wani dutsen hadaya ta yadda fitilar da aka ajiye a bayansa za ta haskaka rawanin gunkin.

Sunan mutum guda daga cikin mabiyan Landan ya tsira. A 1889, ma'aikatan gini sun tono wani allon farin dutsen mabul a wannan unguwa, ɗauke da hoton yanka bijimi kewaye da burujai goma sha biyu. Rubutun da ke jikinsa ya ce Ulpiyus Silbanus, tsohon sojan Runduna ta Biyu mai laƙabin Augusta, shi ne ya bayar da shi domin cika alkawarin da ya ɗauka, kuma ya ambaci garin Arausiyo, wato Orange ta kudancin Faransa a yau. Masana sun rabu kan ko a can aka ɗauke shi aikin soja, ko kuwa a can aka shigar da shi addinin. Lokacin da aka tsinci allon babu wanda ya san ginin da ya fito daga ciki, sai bayan shekara 65.

Gumakan da aka binne

Ƙasar bakin rafi mai danshi ce, ginin kuwa nauyi gare shi, don haka ya yi ta nutsewa, masu shi suna ta ƙara daɓe kan daɓe. A farkon ƙarni na 4 aka yi masa babban sauyi. Aka cire ginshiƙan, aka cike filin tsakiya ya daidaita da gefensa, aka haƙa ramuka a daɓe aka binne manyan gumakan. Cikin abin da aka binne akwai kan Mitras, da kan Minerba, allahiyar hikima ta Rumawa, da kan Serapis na ƙasar Masar ɗauke da mudun hatsi a ka, da ƙaramin gunkin Merkuri, majiɓincin 'yan kasuwa, da wani ƙaton hannun dama riƙe da ƙotar wuƙa. An kuma samu wani ɗan akwatin azurfa mai zanen farauta, da rariya a cikinsa. Yawancin gumakan na mabul ne da aka shigo da shi daga ƙetare, wasunsu ma sun girmi ginin, abin da ke nuna cewa jama'ar wurin suna da abin hannu, kuma ba su ga laifin ajiye gumakan wasu addinai kusa da nasu ba.

Me ya sa aka binne su? Bayanin farko da ya yi farin jini shi ne tsoron Kiristoci. Sarki Konstantin ya ba Kiristanci 'yanci a shekara ta 313, kuma a 314 akwai bishop daga Landan a taron majami'u da aka yi a Arles. Jerome ma ya ba da labarin wani hakimin birnin Rum da ya rushe ɗakin bautar Mitras a wajajen 376. Sai dai shaidar da ke cikin ƙasa ta karkata wani ɓangare. An jera gumakan da tsanaki, ba jefar da su aka yi ba, kuma ginin ya ci gaba da aiki a matsayin wurin bauta na gomomin shekaru bayan haka. A saman daɓen baya an samu gunkin Bakkus, abin bautar giya, da rubutun da ke roƙon rayuwa ga mutane masu yawo. Saboda haka masana da dama suka tafi a kan cewa wata ƙungiyar ce ta gāji wurin, ta binne kayan magabatanta cikin girmamawa. Ba don masu haƙa sun rubuta a wane daɓe aka tsinci kowane abu ba, da ba a iya yin wannan muhawara. An daina amfani da ginin a ƙarshen ƙarni na 4, zamanin da Sarki Tiyodosiyus ya haramta hadayun gargajiya a 391 da 392, kuma ba da jimawa ba mulkin Rum a Birtaniya ya ƙare a wajajen 410.

Satumbar 1954

Bama-baman Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ne suka buɗe wurin. Sun rusa manyan sassa na tsohon birnin Landan, kuma kafin a sake gini an ba masu binciken kayan tarihi ɗan lokaci su leƙa ƙarƙashin kangaye. Farfesa W. F. Grimes, shugaban gidan tarihin Landan, da abokiyar aikinsa Audrey Williams sun fara haƙa a Walbrook a 1952, da niyyar gano hanyar da tsohon rafin ya bi. Da bangon ya bayyana, wasu sun yi zaton tsohuwar coci ce, saboda fasalinsa. Ranar 18 ga Satumba 1954, wadda ita ce ranar ƙarshe da aka ba su, aka tono kan Mitras.

Da hoton ya fito a jarida, jama'a suka yi cincirindo. Layin masu son gani ya riƙa zagaya tituna, kuma ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne mutum kusan 400,000 cikin makonni biyu. Kamfanin da ke shirin gina bene mai hawa 14, Bucklersbury House, wanda kamfanin inshora na Legal & General ke bayansa, ya yarda a ƙara 'yan kwanaki. A cikin waɗannan kwanaki ne aka tono kan Minerba da na Serapis. Da an tsaya kan wa'adin farko, da injinan haƙa ne suka same su.

Maganar ta kai Majalisar Dokoki da majalisar ministocin Firaminista Winston Churchill, kuma Ministan Ayyuka, David Eccles, ya ziyarci wurin. Barin ginin a inda yake yana nufin sauya zanen benen, aka ƙiyasta kuɗin a kimanin fam 500,000. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga rabon abinci na lokacin yaƙi ba, wanda sai a watan Yulin shekarar ya ƙare, kuma gwamnati ta ƙi biya. Babu dokar da ta wajabta wa mai gini ya ɗauki nauyin kayan tarihin da ke ƙarƙashin filinsa. Aka daidaita a kan cewa kamfanin zai tsige ginin da kuɗinsa, ya sake gina shi a kusa.

Kuskuren 1962

Duwatsun sun yi shekaru a ajiye, wasu suka salwanta. Lokacin da aka sake harhaɗa su a 1962, a bakin titin Queen Victoria, kimanin mita 100 daga wurin asali, ba a bi shawarar waɗanda suka tono ginin ba. An ɗora shi a sarari saman wurin ajiye motoci, alhali ibadar da aka yi shi dominta ta duhu ce. An juya shi ya miƙe kudu da arewa maimakon gabas da yamma. An liƙe duwatsun da siminti na zamani, aka shimfiɗa daɓen fasassun duwatsu irin na farfajiyar gida, katakan kuwa babu su. Grimes da kansa ya ce abin da aka gina kusan ba shi da ma'ana a matsayin ɗakin bautar Mitras. Haka ya zauna kusan shekara hamsin a ruwa da rana, masu wucewa suna karanta allon da ke cewa ginin Rumawa ne. Cikakken rahoton haƙan ma bai fito ba sai 1998, bayan rasuwar Grimes, lokacin da John Shepherd ya tattara takardunsa ya wallafa.

Doka ta yi jinkirin sauyawa. Sai da irin wannan taƙaddama ta sake tashi a 1989, kan ragowar gidan wasan kwaikwayo na Rose na zamanin Shakespeare, sannan gwamnati ta fitar da ƙa'idar tsara gine-gine ta 1990. Ƙa'idar ta sa binciken kayan tarihi cikin sharuɗɗan ba da izinin gini a Ingila, ta fifita barin abu a inda aka same shi, ta kuma ɗora kuɗin haƙa a kan mai gini.

Komawa ƙarƙashin ƙasa

A ƙarƙashin wannan sabon tsari ne Bloomberg ya sayi filin a 2010. Aka rushe Bucklersbury House, ƙungiyar masu binciken kayan tarihi ta MOLA ta yi haƙa har zuwa 2014. Laka mai ruwa ta tsohon rafin ta hana iska shiga, don haka katako da fata ba su ruɓe ba. An tono kayayyaki fiye da 14,000, ciki har da alluna 405 na katako waɗanda Rumawa ke shafa wa kakin zuma su yi rubutu a kai. Kakin ya tafi, amma tsinin alƙalami ya bar sawu a katakon, kuma masanin rubutun Latin Roger Tomlin ya karanta 87 daga ciki. Ɗaya takardar bashi ce ta dinari 105 tsakanin 'yantattun bayi biyu, mai kwanan wata 8 ga Janairu, shekara ta 57, wadda ita ce takardar hannu mai kwanan wata mafi tsufa da aka samu a Birtaniya. Allunan sun girmi ɗakin bautar da kusan ƙarni biyu, amma sun nuna irin mutanen da suka cika unguwar tun farko: masu ciniki, masu ba da rance, sojoji da 'yantattun bayi.

An wargaza ginin 1962, aka kankare simintin, aka sake jera duwatsun bisa zane-zane da hotunan Grimes, a zurfinsu na asali, ƙofa tana kallon gabas. An ɗan matsar da shi yamma, domin an tarar da wani ɓangaren bangon asali da ba a taɓa ba a 1954, aka bar shi a inda yake. An buɗe wurin ranar 14 ga Nuwamba 2017, shiga kyauta, da kayan tarihi kusan 600 a baje. Ana amfani da haske da hazo wajen nuna inda bango da ginshiƙai suka tsaya, ana kuma sa muryoyi cikin Latin, waɗanda ƙirƙirar masu shirya wurin ce, domin babu addu'ar Mitras ta Landan da ta tsira. Gumakan asali suna hannun gidan tarihin birnin, abin da mai ziyara ke gani a Walbrook kwafi ne.

Abin da ke ƙarƙashin ofishin Bloomberg a yau gini ne da aka tsige sau biyu, aka harhaɗa sau biyu, kuma sahihancinsa ya dogara kacokan ga takardun da Grimes da Williams suka cika cikin gaggawa yayin da injinan gini ke jira. Daɓe-daɓen da suka nuna lokacin da aka binne gumakan sun tafi tun 1954, sai a zane ake ganinsu. Ɓangaren bangon da ya tsira a mazauninsa kuwa yana nan rufe a ƙarƙashin benen, ba a nuna shi ga masu ziyara.